3.2 Launin Fata da Hukuncin Kisa a kan Yara a Amurka

Kamar yadda aka gani a sashen da ya gabata, tun a shekarar 1642 aka fara zartar da hukuncin kisa a kan masu ƙarancin shekaru a ƙasar da ta zamo Amurka. Daga lokacin zuwa 2003, an kashe mutum fiye da 350 saboda laifin da suka aikata kafin su cika shekara 18. Binciken Streib (1987) ya nuna mafi yawansu baƙar fata ne, alhali baƙar fata tsiraru ne a ƙasar. Wannan sashe zai duba yadda kotuna suka ɗauki wannan bambanci.

Shari'ar George Stinney ita ce misalin da ya fi fitowa fili. Yaro ne baƙar fata ɗan shekara 14 a garin Alcolu na jihar Karolina ta Kudu. A watan Maris 1944 aka tsinci gawar wasu 'yan mata biyu farar fata, sai aka kama shi. 'Yan sanda suka ce ya amsa laifi, amma babu lauya ko iyayensa a wurin da aka yi masa tambayoyi. An kori mahaifinsa daga aiki, iyalin suka bar garin don tsira da rayukansu. A yini ɗaya aka fara shari'ar aka gama. Mutum goma sha biyun da aka zaɓo daga jama'a don su tantance laifi duk farar fata ne, domin daga rajistar masu zaɓe ake ɗauko su, baƙar fata kuwa an toshe masu hanyar shiga wannan rajista. Shawarar da suka yi ba ta wuce ta minti goma ba. Lauyan da kotu ta ba shi bai ɗaukaka ƙara ba. Ranar 16 ga Yuni 1944 aka kashe shi a kujerar lantarki, wato ƙasa da wata uku da kama shi. Sai a 2014 wata alƙaliya, Carmen Mullen, ta soke hukuncin. Abin lura shi ne, hujjarta ita ce ba a yi masa shari'ar adalci ba, ba wai an gano wanda ya yi kisan ba.

Wani zai iya cewa wannan aikin zamanin wariya ne, ya wuce. To amma a 1987, a shari'ar McCleskey, an gabatar wa Kotun Ƙoli binciken David Baldus a kan shari'o'in kisa fiye da 2,000 a jihar Jojiya. Binciken ya nuna wanda aka tuhuma da kashe farar fata ya fi wanda aka tuhuma da kashe baƙar fata yiwuwar samun hukuncin kisa da ninki huɗu da ɗoriya. Alƙalai biyar cikin tara suka ce alƙaluma ba su isa hujja ba, sai mai ƙara ya nuna an yi niyyar nuna masa bambanci a tasa shari'ar. McCleskey dai baligi ne, amma ƙa'idar ta hau kan yara ma, kuma sharaɗi ne mai wuyar cikawa, domin ba safai mai gabatar da ƙara ke rubuta niyyarsa a takarda ba.

Saboda haka ta ƙofar shekaru aka bi. A 1988 kotun ta hana kashe wanda ya yi laifi yana ƙasa da shekara 16, a 1989 ta ƙyale na 'yan 16 da 17. Tsakanin 1985 da 2003 an kashe irin waɗannan mutum 22, daga ciki 13 a jihar Tekzas kaɗai. Ranar 1 ga Maris 2005, a shari'ar Roper da Simmons, alƙalai biyar cikin tara suka haramta hukuncin ga duk wanda bai kai 18 ba lokacin laifi, abin da ya kuɓutar da fursunoni kimanin 70. Hujjar kotun ita ce hankalin yaro bai gama nuna ba, kuma yawancin jihohi sun riga sun daina. Ba ta dogara da batun launin fata ba, ba ta kuma taɓa ƙa'idar McCleskey ba.