Yadda Sana'armu ta Koyi Sauka Tudu da Yara

A kowane babban jirgin ruwan yawon buɗe ido akwai wani teburi, galibi kusa da wurin karɓar baƙi, wanda aikinsa ɗaya ne: shirya wa fasinjoji abin da za su yi in jirgi ya tsaya a tasha. Jirgi kan iso da sassafe ya tashi da yamma, sa'o'in da ke tsakani kuwa su ne hajar da muke sayarwa. Ni daga ƙasa na faro wannan sana'a, ina ɗan jagora a tashar Takoradi ta Gana, riƙe da allo mai lambar bas, kafin na koma bayan teburin a jiragen da ke zagaya Bahar Rum da tsibiran Karebiyan. Cikin duk tambayoyin da ake kawo mana, babu wadda ta kai ta iyaye wuyar amsawa tsakani da Allah: wace fita ce za ta dace da yarona ɗan shekara takwas? Wuyar ba ta rasa dalili. Sana'ar nan ta haura shekara ɗari ba ta sa yara a lissafinta ba.

Waɗanda aka ƙago ta dominsu manya ne masu kuɗi da lokaci. A 1844 kamfanin P&O na Ingila ya fara sayar da tafiyar zagaya Bahar Rum, har ya ɗauki marubuci Thackeray kyauta ya kai Masar ya rubuta abin da ya gani. A 1867 jirgin Quaker City ya kwashi Amurkawa, ciki har da Mark Twain, suka yi kusan wata biyar tsakanin Turai da Falasɗinu. A 1891 Albert Ballin na Jamus ya tura jirgin Augusta Victoria Bahar Rum a tsakiyar hunturu, tafiyar kusan wata biyu, tare da shirya fita a tashoshin da aka tsaya. Tsarin da suka kafa shi ne: a sauka, a hau keken doki ko jirgin ƙasa, a ga kufai da majami'u da gidajen tarihi iya abin da rana za ta ɗauka, a dawo a gajiye. Yawan wuraren da ka gani shi ne ribar kuɗinka. Har gobe wannan tsari yana nan cikin ƙasidun da muke rabawa. Jirgin da aka ce ya tsaya a birnin Rum, a Civitavecchia yake tsayawa, kimanin kilomita 80 daga birnin. Fitar yini guda zuwa can tana nufin kusan sa'a uku a bas, zuwa da dawowa, sannan tafiyar ƙafa a kan duwatsu cikin zafin Yuli da tsayuwa a dogon layi. Babba zai jure domin ya san abin da ya zo gani. Yaro ba abin da zai tuna sai ƙishirwa.

Inda aka fara ɗaukar yara da muhimmanci ba a jiragen alfarma ba ne. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta koma kai sojojinta ƙasashen waje ta sama, kamfanin British India ya samu kansa da jiragen dakon sojoji da ba su da aiki. A 1961 ya mayar da jirgin Dunera makaranta mai tafiya a kan ruwa, aka sa ɗakunan kwana na ɗalibai da azuzuwa da zauren lacca. Jiragen Devonia da Nevasa da Uganda suka biyo baya. Ɗalibai kan taho rukuni-rukuni da malaman makarantunsu, kuma kafin a isa kowace tasha an riga an zaunar da su an yi musu bayanin wurin, an nuna musu hotuna, an ba su abin da za su nema da idonsu su rubuta a littafinsu. In an sauka, kowane malami da ƙaramin rukuninsa. A watan Afrilun 1982, sa'ad da yaƙin Fokland ya ɓarke, gwamnati ta karɓe Uganda don ya zama jirgin asibiti, aka sauke ɗaruruwan yara a Napoli aka mayar da su gida.

Na yi aiki da wata dattijuwa 'yar Sikotland wadda ta hau ɗaya daga cikin jiragen nan tana yarinya. Daga wurinta na ɗauki ɗabi'ar da ban taɓa bari ba: ba ta sayar wa iyaye tikiti sai ta juya ga yaron ta tambaye shi me suke karantawa a makaranta wannan zangon. In ya ce Rumawa, ta san inda za ta tura su. In ya ce dabbobin ruwa, sai ta rufe shafin kufai. A ganina malaman jiragen makaranta sun gano kusan duk abin da ake buƙata tun wancan lokaci: yaron da aka shirya tun kan ruwa yana sauka ne da tambaya a bakinsa, kuma wuri ɗaya da ya fahimta ya fi biyar da aka ja shi ya ratsa.

Sai dai kasuwa ta bi wata hanya dabam. Daga 1958 jirgin sama ya ƙwace fasinjojin tsallaka Atlantika, masu jiragen ruwa suka koma Miyami neman abinci. Knut Kloster da Ted Arison sun fara da jirgin Sunward a 1966, daga baya suka rabu, Arison ya kafa Carnival a 1972. Tafiya ta koma ta mako guda ko ƙasa da haka, kuɗin ɗaki ya sauko, ma'aikacin gwamnati da matarsa da 'ya'yansa suka iya biya. Da ɗaki ya yi araha, sai kamfanoni suka koma neman riba a abin da fasinja zai kashe bayan ya shiga, teburinmu ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ake sa wa ido. Ya kamata iyaye su san wannan: jirgi ba shi yake gudanar da fitar ba. Ɗan kwangila ne na garin yake kawo bas da jagora da abinci, jirgi ya ɗora nasa kaso mai tsoka. Abin da ƙarin kuɗin yake saya maka shi ne tantance ɗan kwangilar da kuma alkawarin cewa in bas ɗin ya makara, kyaftin zai jira. Wanda ya fita da tasi don kansa ya makara, sai ya tarar da wakilin tasha da fasfonsa a hannu.

Maganin da Miyami ta samo wa matsalar yara shi ne a kauce wa gari gaba ɗaya. A 1977 kamfanin Kloster ya mallaki tsibirin Great Stirrup Cay a Bahamas don fasinjojinsa kaɗai. Royal Caribbean ya karɓi hayar Labadee a arewacin Haiti a 1986. Kamfanin Premier, mai jajayen jirage, ya ƙulla da Disney daga 1985, ya cika jiragensa da iyalai, har Disney ya ga riba ya fito da nasa jirgin, Disney Magic, a 1998, da tsibirinsa Castaway Cay. A 2019 aka buɗe tsibirin CocoCay da sabon fasali, da wurin wasan ruwa mai dogayen magangara. Ba zan raina wuraren nan ba. Uwa mai yara uku, ƙaraminsu ɗan shekara biyar, ta samu ruwa marar zurfi da masu ceto da banɗaki a kusa da abinci a shirye, ta huta, kuma hutun haƙƙinta ne. Amma yaron da ya yini a Labadee bai je Haiti ba. Shinge ne tsakaninsa da ita. Zuciyata ba ta kwanta da tafiyar da yaro zai tsallaka teku ya dawo bai ji wani yare ba, bai ga yadda takwarorinsa suke zuwa makaranta ba.

A ɗaya ɓangaren kuma aka yi ta ƙaro fitar kasada: lilo a kan igiya, babur mai ƙafa huɗu, iyo da kifaye, hawan duwatsun ruwan Dunn's River a Jamaika. Nan ne ƙa'idar shekaru da tsayi da nauyi ta shigo ƙasidunmu, kuma nan ne muka fi samun saɓani da iyaye masu cewa ai saura wata biyu ya cika. Ranar 9 ga Disamban 2019 dutsen Whakaari na Niyu Zilan ya yi aman wuta alhali mutum 47 suna kansa, akasarinsu daga jirgin ruwan da ya tsaya a Tauranga. Mutum 22 suka rasu, ciki har da 'yan makaranta. Makonni kafin nan hukuma ta ɗaga matakin gargaɗi a kan dutsen, kuma waɗanda suka tsira sun shaida wa kotu cewa ba a fayyace musu girman haɗarin ba. Babu ɗan sana'ar da labarin nan bai girgiza ba. Tun daga lokacin, uban da ya tambaye ni wane ne ke gudanar da fita kuma mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa, nakan ja masa kujera.

Abin da na fi dubawa kafin na buɗe baki shi ne taswira. Daga Cozumel zuwa Chichen Itza sai an hau jirgin fito zuwa gaɓar Meziko sannan a yi fiye da sa'a biyu a bas. Yini ya ƙare a hanya. Daga Kusadasi na Turkiyya zuwa kufan Afisa kuwa bai wuce rabin sa'a ba, a je da sassafe a dawo kafin rana ta take. A Napoli kowa Pompeii yake nema, amma ɗan firamare nakan tura shi Herculaneum: ya fi ƙanƙanta, gidajensa da benayensu suna tsaye, yaro zai leƙa ɗaki ya gane cewa mutane sun kwana a nan. A Skagway ta Alaska jirgin ƙasan White Pass, wanda aka fara shimfiɗa layinsa a 1898 lokacin rububin zinariya, yana ɗaukar mutane kusa da inda jirgi ya tsaya, ga wurin zama, ga banɗaki. Tashoshin da jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, kamar Santorini, sai an ƙara lissafin layin ƙananan jiragen fito da na motar igiya mai hawa dutse. Iyalan Musulmi kuma nakan gaya musu tun da wuri su tambayi abin da ke cikin abincin rana, domin a bas ba a sauya shi.

A Takoradi fita biyu ce ta fi kasuwa: ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da gadar sama ta dajin Kakum da aka buɗe a 1995. Kakum tana burge yara a hoto, amma sai an hau tudu cikin gumi kafin a isa, gadojinta bakwai kuma suna lilo a tsayin da ya kai mita 40 a wani wurin. Yaron da tsoro ya kama a tsakiyar gada, ga mutane gaba da baya, babu mai sauke shi sai ƙafarsa. Elmina kuwa nauyinta a zuciya yake. Ɗan shekara goma sha biyu da aka zauna da shi daren jiya aka ba shi labarin cinikin bayi zai shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa ya fito da tambayoyin da babba ma bai yi ba. Ɗan shekara shida duhu da wari kawai zai gani. Irinsa nakan ce ɗaya daga cikin iyayen ya tsaya da shi a saman ganuwa, su kalli kwale-kwalen masunta masu tutoci suna shigowa bakin tafkin Benya, ya ƙirga su, ya tambayi sunayen da aka rubuta a jikinsu.

Yanzu garuruwa sun fara gajiya da mu. Venice ta hana manyan jirage ratsa tsakiyarta a 2021, Juneau ta taƙaita su zuwa biyar a rana daga 2024, kamfanoni kuma sai ƙara gina wuraren kansu suke yi. A tarurrukan shirya kaka na sha kawo shawarar a ware fita ta rabin yini don iyalai, bas ƙarami, wuri ɗaya, da ɗan zama da yaran a jirgi daren da za a wayi gari a tasha. Inda aka gwada, tikitin kan ƙare da wuri. Amsar da ake ba ni daga ofis ita ce bas mai kujera hamsin ya fi kawo kuɗi, kuma jagoran da ya iya magana da yara ya fi tsada.