Esther Applin da Ƙananan Halittun da Suka Nuna Hanyar Mai

Esther Richards Applin, wadda aka haifa a 1895 ta rasu a 1972, masaniyar duwatsu ce 'yar Amurka da ta yi sama da shekara arba'in tana aikin da ya shafi neman man fetur. Tana cikin mata uku da suka tabbatar a birnin Houston, a farkon shekarun 1920, cewa ana iya sanin shekarun shimfiɗar dutsen da ke can ƙarƙashin ƙasa ta hanyar duba burbushin wasu halittun teku waɗanda ido ba ya rarrabe su sai da madubin ƙara girma. Cikin 'yan shekaru wannan dabara ta zama abin da kowane babban kamfanin mai ke dogara da shi, amma sunayen matan da suka fito da ita sun daɗe ba a ambaton su yadda ya kamata.

An haife ta a garin Newark na jihar Ohio. Mahaifinta injiniya ne da ke yi wa rundunar sojan Amurka aikin gine-gine, don haka iyalin ba su zauna wuri ɗaya ba. Tana 'yar shekara goma sha biyu aiki ya kai su tsibirin Alcatraz, inda ake gina kurkukun soja, kuma daga nan take shiga jirgin ruwa kullum zuwa makaranta a San Francisco. Ta yi Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta sami digirin farko a 1919, na biyu kuma a 1920, a fannin nazarin burbushin halittun da suka shuɗe. A wannan shekara ta 1920, wadda a cikinta ne matan Amurka suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar, ta koma Houston ta kama aiki da kamfanin mai na Rio Bravo, wani reshe na kamfanin jiragen ƙasa na Southern Pacific. Wanda ya ɗauke ta shi ne Edwin Dumble, tsohon babban masanin duwatsu na jihar Texas.

Matsalar da aka ɗauko ta domin ta warware tsohuwa ce a yankin. Tun ranar 10 ga Janairu, 1901, da rijiyar Spindletop kusa da Beaumont ta ɓarke tana fitar da kimanin ganga 100,000 a rana, masu neman mai suka yi wa gaɓar tekun Texas da Louisiana caa. Sai dai ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, ba tsauni ba kwazazzabo da zai nuna wa mutum jerin duwatsun da ke ƙasa. Abin da ke ƙarƙashi yashi ne da yumɓu, ɗaya bisa ɗaya, tsawon dubban ƙafafu, kuma yumɓun da ke zurfin ƙafa dubu biyu kamarsa ɗaya da na ƙafa dubu huɗu. Ga kuma manyan curin gishiri da suka kutso daga can ƙasa suka karkatar da shimfiɗun suka tsattsage su. A gefen irin wannan gishiri mai yake taruwa, amma mai haƙa ba shi da hanyar sanin ko ya wuce yashin da maƙwabcinsa ya sami mai a ciki, ko kuwa da saura. Dukiya mai yawa ta salwanta a rijiyoyin da aka tsaya kafin a isa, da waɗanda aka yi ta haƙa bayan an riga an wuce.

A wuraren da duwatsu ke a fili, masana na sanin shekarunsu ne daga manyan burbushi, irin su ɓawon katantanwa da kwansar kawa. Da wannan ilimi Esther ta zo, kuma shi aka sa ran za ta yi amfani da shi. Amma a gaɓar tekun ana haƙa ne da inji mai juyawa, wanda bakinsa ke niƙe dutse, a tura ruwan laka ta cikin bututu ya kwaso niƙaƙƙen ya fito da shi. Duk wani ɓawo mai girman da za a gane shi, kafin ya iso sama ya zama gari.

Abin da ke tsira daga bakin injin shi ne ƙananan halittun da ake kira foraminifera. Halittu ne masu ƙwayar rai guda, suna zaune a teku, wasu a ƙasan ruwa wasu suna yawo a samansa, kuma kowacce na gina wa kanta ɓawo mai ɗakuna, galibi na sinadarin farar ƙasa. Yawancinsu ba su wuce ƙwayar yashi ba, ko da yake akwai manya: dutsen da aka gina dalar Giza da shi a Masar cike yake da wani iri mai faɗin tsabar kuɗi. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina kusa da Sakkwato, inda ake yin siminti, shi ma yana ɗauke da irin waɗannan ɓawo, shaidar cewa teku ta taɓa malale wurin. Saboda ƙanƙantarsu, cikin cokali ɗaya na niƙaƙƙen yumɓu ana iya samun ɗaruruwa, lafiya lau ba karaya.

Masanan Amurka na lokacin sun san da su, amma ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne halittu masu sauƙin gini irin waɗannan ba sa canzawa da zamani, don haka ba za su faɗi shekarun dutse ba. Akwai waɗanda suka riga suka taɓa abin. A ƙasar Poland, Józef Grzybowski ya yi amfani da su a rijiyoyin mai na tsaunukan Carpathia tun shekarun 1890, sai dai aikinsa bai yaɗu ba. A Texas ma Johan Udden ya yi ta jan hankali kan a riƙa duba niƙaƙƙen dutsen rijiya da kyau. Amma ba wanda ya nuna cewa za a iya jera dukkan shimfiɗun gaɓar tekun da su.

A daidai lokacin wasu kamfanoni biyu na Houston sun ɗauki mata irin wannan aiki. Humble Oil ta ɗauki Alva Ellisor, 'yar Galveston, kamfanin Texas Company kuma ya ɗauki Hedwig Kniker. Dukansu biyu sun fito daga Jami'ar Texas. Su ukun suka kama gida ɗaya. Kamfanonin da suke wa aiki abokan gasa ne, kuma a harkar mai ba abin da ake ɓoyewa kamar bayanin rijiya, amma kan wannan matsala an yarda a haɗa kai, don haka abin da kowacce ta gani da rana, da dare sai su baje shi su gwada.

Aikin na haƙuri ne. Ana kawo niƙaƙƙen dutse daga rijiya cikin ƙananan jakunkuna, kowacce da lambar zurfin da aka ɗebo ta. A jiƙa shi, wani lokaci a tafasa, har yumɓun ya saki, sannan a wanke a kan rariya mai ƙananan ido, a shanya. Abin da ya rage sai a barbaɗa shi a baƙin faranti a sa ƙarƙashin madubi. Da siririn buroshi mai ɗan danshi a baki ake tsinto ɓawon ɗaya bayan ɗaya, a manna a kan kwali, a rubuta zurfinsa. Akwai tarko guda a ciki: bangon rijiya na zubowa, don haka ɓawon sama na iya gauraya da na ƙasa. Saboda haka abin dogaro shi ne zurfin da wani iri ya fara bayyana yayin da ake nutsawa, domin na sama na iya faɗowa ƙasa amma na ƙasa ba ya hawa. Da suka jera rijiya bayan rijiya, sai ga shi ire-iren suna sauyawa da zurfi, kuma jerin da aka gani a wannan rijiya shi ne a waccan, ko da a zurfi daban.

A watan Disamba na 1921 Esther ta je garin Amherst na jihar Massachusetts, wurin taron shekara na masana duwatsu, ta karanta takardar da ke bayyana wannan sakamako. Tana da shekara 26. Da ta gama, Farfesa J. J. Galloway na Jami'ar Columbia ya miƙe ya juya ga maza 'yan'uwansa, ya kira ta 'yar yarinyar da ba ta daɗe da barin makaranta ba, ya ce kowa a wurin ya san abin da take faɗa ba mai yiwuwa ba ne. Bai kawo wata hujja daga rijiya ba. Ƙuruciyarta da kasancewarta mace ya tsaya a kai. Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne ba a daɗe ba shi kansa ya rungumi dabarar, ya fara koyar da ita a Columbia, a 1933 kuma ya wallafa littafi sukutum a kan foraminifera.

Amsar matan ta fito a rubuce a 1925, a mujallar ƙungiyar masana duwatsun mai ta Amurka, cikin wata maƙala mai ɗauke da sunayen Applin da Ellisor da Kniker, kan jerin shimfiɗun ƙarƙashin gaɓar Texas da Louisiana. A ciki suka raba wani sashe na duwatsun zuwa matakai da sunayen halittun da suka fi yawa a kowanne: Discorbis a sama, Heterostegina a tsakiya, Marginulina a ƙasa. Waɗannan sunaye sun shiga bakin masu haƙa, har wanda bai taɓa leƙa madubi ba ya san abin da ake nufi idan aka ce rijiya ta taɓa Heterostegina. Kafin ƙarshen shekarun 1920 manyan kamfanonin yankin sun buɗe ɗakunan bincike irin nasu, jami'o'i sun buɗe darussa, an kuma kafa ƙungiya da mujalla domin masu wannan fanni.

Da aka zo rubuta tarihin fannin, sai yabo ya karkata ga maza masu kujera a jami'a da masu manyan littattafai, musamman Galloway da Joseph Cushman, wanda ya kafa ɗakin bincikensa a garin Sharon a 1923 ya kuma fitar da littafinsa kan rabe-raben foraminifera da amfaninsu a 1928. Aikin Cushman babba ne, ba mai musun haka. Amma ma'aikacin kamfani ba ya wallafa yawancin abin da ya gano, domin sirrin ubangidansa ne, kuma wanda ya rubuta littafin karatu shi ɗalibai ke tunawa. Waɗannan dalilai biyu, haɗe da rainin da aka nuna a Amherst, sun isa su binne suna.

A 1923 Esther ta auri Paul Applin, shi ma masanin duwatsu, kuma ba ta ajiye aiki ba, a zamanin da aure kan zama ƙarshen sana'ar mace a kamfanoni da yawa. Ta bar Rio Bravo a 1927 ta koma aikin kanta, kamfanoni na kawo mata samfur tana karanta musu, tana kuma renon 'ya'ya biyu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta koyar a Jami'ar Texas da ke Austin. Daga nan hankalinta da na mijinta ya koma kudu maso gabashin ƙasar. A 1943 aka sami mai karo na farko a Florida, a rijiyar Sunniland, a zurfin da ya haura ƙafa 11,000, kuma a 1944 su biyun suka wallafa nazari kan shimfiɗun ƙarƙashin Florida da kudancin Georgia, wanda ya zama madogara ga masu neman mai a can. Ta shiga hukumar binciken ƙasa ta gwamnatin Amurka, ta yi shekaru a Jackson na jihar Mississippi, ta yi ritaya a 1962, amma ta ci gaba da rubutu. Babban rahotonta da mijinta kan zurfafan duwatsun tsakiya da kudancin Florida ya fito a 1965.

Abokan zamanta biyu su ma sun tsufa a sana'ar. Ellisor ta zauna a Humble har 1947, ta gina ɗakin binciken kamfanin, ta rasu a 1964. Kniker ta yi aiki har a kudancin ƙasar Chile, ta rasu a 1985, ta bar wa Jami'ar Texas kuɗin da aka ƙara ƙararrawa a hasumiyar jami'ar, waɗanda yanzu ke ɗauke da sunanta. Esther ta rasu a watan Yuli na 1972.

Na'urorin da ke auna ƙarƙashin ƙasa da lantarki da girgiza sun zo sun karɓi babban kaso na aikin neman mai, amma ba su kori madubi ba, domin suna nuna siffar dutse ne, ba shekarunsa ko zurfin ruwan da ya kwanta a ciki ba. Da foraminifera da ƙwayoyin furen tsirrai aka jera shimfiɗun yankin Neja Delta, kuma har yau akan ajiye masani a kan dandamalin haƙa yana duba samfur yayin da ake nutsawa, yana faɗa wa mai tuƙa injin ko yana cikin shimfiɗar da ake nema. A 2017 Robbie Gries, mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar da ta buga maƙalar 1925, ta wallafa littafi kan matan da suka yi aikin duwatsun mai cikin shekara ɗari, inda ta bi wasiƙu da tsofaffin takardu ta dawo da labarin matan uku na Houston.