Kwakwar Attagara: Daga Tekun Indiya Zuwa Tiren Birnin Kudu

Birnin Kudu da Gwaram ƙasar giginya ce da goruba. Bishiyar kwakwa ba ta gida ba ce. Amma ga ta a tiren 'yan talla a bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga ta a kasuwar Sara kusa da dabino, ga ta cikin kunun aya. Tsohon sunanta ya tona inda ta biyo: kwakwar Attagara, wato ƙasar Igala da ke gaɓar Kwara, inda fataken Hausa ke haɗuwa da kayan bakin teku.

A kudun ma baƙuwa ce. Turawan Fotugal ne suka ɗauko ta daga tekun Indiya bayan Vasco da Gama ya isa can a 1498, sannan ta bazu a gaɓar Afirka ta Yamma.

A Indiya, masana Ayurbeda, tsohon ilimin maganin ƙasar, suna kiranta narikela. Littafin Bhavaprakasha na ƙarni na 16 ya raba ta gida biyu. Ɗanyar kwakwa tana sanyaya jiki, tana kwantar da zafin ciki. Wadda ta tsufa ta bushe kuwa nauyi gare ta: tana jinkirin narkewa, tana sa ƙwannafi, tana iya ɗaure ciki. Wannan awo na zafi da sanyi ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin da shi malaman ɗibbu suka daɗe suna auna abinci tun daga littattafan su Ibn Sina.

Binciken zamani bai yi nisa da wannan hukunci ba. Fiye da rabin nauyin busasshiyar kwakwa mai ne, shi kuwa mai yana jinkirta fitar abinci daga tumbi. Dusar da ke cikinta tana sauƙaƙa bahaya idan an ci kaɗan, an kuma sha ruwa.

 A 1982 Barry Marshall da Robin Warren suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, kuma maganinta yana asibiti. Mai fama da ciwon ciki a Gwaram, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ta fi kusa da shi fiye da Indiya. Kwakwa kuwa a bar ta inda ta dace: 'yar tsinka, tare da dabino.