Asalin Wanke Hannu a Ɗakin Haihuwa

A shekarun 1840, zazzaɓin bayan haihuwa ya addabi babban asibitin birnin Biyana, kuma mata sun fi mutuwa a ɗakin likitoci fiye da na ungozomomi. Likita Ignaz Semmelweis ya lura ɗalibai kan tashi daga feɗe gawa su zarce wajen masu naƙuda, warin gawar bai ma bar hannunsu ba. A Mayun 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kilorin. Mace-mace suka sauka daga kashi 18 cikin ɗari a Afrilu zuwa kusan kashi 2 a Yuni. Duk da haka manyan likitoci da dama suka yi biris da shi. Ya rasu a 1865, kafin binciken ƙwayoyin cuta ya gaskata maganarsa.