Matsalar haruffan ƙ, ɗ da ɓ a manhajojin kwamfuta

Ɗaya daga cikin matsalolin da masu ƙera manhajojin kwamfuta ke fuskanta a arewacin Nijeriya ita ce ta rikiɗewar haruffa masu lanƙwasa.

Akan shigar da sunan Ɗanladi a rajistar asibiti, ya fito ?anladi, a nemi fayil ɗinsa a rasa.

Matsalar ta samo asali ne daga tsarin ASCII na 1963, mai alamomi 128 kacal, wanda babu waɗannan haruffa cikinsa.

Tsarin Unicode na 1991 ya tanade su.

Don haka akan fara duba ko manhajar da ma'adanar bayananta suna amfani da UTF-8.

Idan kuwa ɗan akwati ne ya bayyana a gurbin harafin, to salon rubutun ne ba shi da harafin, sai a sauya shi.