Silikon Mai Ramuka: Tarihin Sabon Albarushi

Mafarautan ƙasar Lafiya, har da na Ashige, sun san albarushin bindigar toka, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta. Masana kimiyya kuwa sun samo irinsa a cikin silikon, abin da ake ƙera ƙwaƙwalwar waya da shi.

A 1956 Arthur Uhlir da matarsa Ingeborg suka gano silikon mai ƙananan ramuka a Bell Labs na Amurka. Shekaru suka shuɗe ba a kula ba. A 1992 ayarin Allen Bard a Jami'ar Texas ya ɗiga masa asid, nan take ya yi walƙiya da ƙara. A 2001 masana a Munich, Jamus, suka tabbatar da ƙarfin fashewarsa.

An taɓa gwada shi wajen kunna jakar iskar mota.