Jirgin Roba da Injinsa: A Tudu Ake Zaɓe

Zage-zagi ba Sarkawa ba ne. Ba su gaji fito kamar mutanen Yawuri ba, ba su kuma da bikin su irin na Argungu, har wanda ya tsaya a Ƙofar Kuyambana da rani ya dubi wajen duwatsun Kufena zai yi mamakin a ce za a yi zancen jirgin ruwa a nan. Amma ruwan da ke cin rai bai yi wa Zariya ƙaranci ba. Ga kududdufan cikin birni da aka haƙa garin ɗibar ƙasar gini, ga rafin Kamaca, ga Kubanni da dam ɗin da Jami'ar Ahmadu Bello ta yi masa a shekarun 1970, ga kuma Galma, wanda aka datse don ruwan shan gari, daga baya aka sake yi masa wani babban dam a Kuzuntu ta ƙasar Kubau. Duk ruwaye ne marasa tashar jirgi, masu laka a baki, waɗanda sau da yawa sai an bi lungu ko an ratsa gona kafin a kai gare su. Mu da ke harkar ƙananan jiragen ceto da na aikin dam mun daɗe da sanin cewa a irin wannan wuri ana gama zaɓen jirgi da inji ne tun ba a taɓa ruwa ba: mutum nawa za su iya ɗaga shi, wace mota za ta kai shi, wane makanike zai buɗe injin ranar da ya ƙi tashi. Masu sayo wa hukumomi kaya su kuwa daga girma suke farawa, sai ka ga jirgi ya shekara a rumfa ba a jiƙa shi ba.

Tarihin sana'ar kansa shi ke ba da wannan hujja. Shawagi a kan iskar da aka kulle ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: masuncin Argungu da ke kife a kan gora yana jan homa abin da yake yi ke nan, kuma matafiyan ƙarni na 19 sun tarar ana ɗaure manyan ƙore da sanda ana ƙetarar da mutane da kaya a Komadugun Yobe. Da motoci suka yawaita, sai tif ɗin babbar mota ya shigo cikin kayan aikin ƙananan masuntan dam. Abin da gora da tif suka haɗa shi ne mutum ɗaya ke saɓa su zuwa bakin ruwa. Turawa kuwa sun sha wuyar wannan darasi. A 1850 ayarin Richardson da Barth da Overweg ya taso daga Tarabulus da jirgin katako da aka rarraba gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma, aka ratsa Sahara da shi, sai a 1851 Overweg ya harhaɗa shi ya shiga Tafkin Chadi. Ɗawainiyar kai jirgin ta ninka ta tuƙa shi nesa ba kusa ba. A daidai wannan zamani ne roba ta fara buɗe wata ƙofa: Macintosh ya samar da yadi mai roba a 1823, Goodyear ya yi rajistar hanyar dafa roba da farar wuta a 1844, wani hafsan sojan ruwan Ingila, Peter Halkett, ya ɗinka jirgin da ake naɗewa a ɗauka a baya, har John Rae ya yi aiki da shi a ƙasar ƙanƙara ta arewacin Kanada.

Siffar da muka sani yau daga Faransa ta fito, daga kamfanin Zodiac, wanda asali balan-balan na tashi sama yake yi, inda Pierre Debroutelle ya fara zana jiragen roba a shekarun 1930. A 1952 wani likita, Alain Bombard, ya ƙetare Tekun Atlantika daga tsibiran Kanariya zuwa Barbados cikin kwana 65 a jirgin da bai kai mita biyar ba, duniya ta daina ganin abin a matsayin kayan wasa. Ƙungiyar ceto a teku ta Birtaniya, RNLI, ta karɓe shi a 1963 don aikin kusa da gaɓa. Daga nan ne hanya ta rabu biyu. A wata makaranta a Wales, Atlantic College, malamai da ɗalibai suka gaji da yadda duwatsun gaɓa ke yaga ƙasan jiragensu, suka yi musu gindi mai tauri, da farko na katako, daga baya na faiba. Jirgin ya ƙara gudu, ya iya keta igiyar teku, amma ya daina naɗuwa. Yanzu sai da tirela da gangaren siminti zuwa ruwa. Irin sa ne sojan ruwa ke amfani da shi a Legas da Neja Delta, shi ne kuma ke cika ido a hoton takardar kwangila. A bakin Galma, inda motar da ta matso ruwa da damina sai an nemi masu tura ta, duk abin da aka ƙara masa nauyi ne kawai.

Inji ma haka labarinsa yake. Wanda Ole Evinrude ya fara sayarwa a Amurka a 1909 ƙarfinsa doki ɗaya da rabi ne, nauyinsa bai kai kilo 30 ba, mutum ya rataya shi a bayan kwalekwale ya cire da yamma ya kai gida. Japanawa suka shigo, Tohatsu a 1956, Yamaha a 1960, suka kuma ƙera wa masuntan ƙasashe irin namu injuna masu jure ruwan laka da gurɓataccen fetur. A Arewa, abin da ya buɗe musu kasuwa shi ne dam ɗin Kainji da aka kammala a 1968, wanda ya haifar da tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya nisanta ƙauyuka da kasuwanninsu. Manyan jiragen katako na Yawuri da Wara da Malale suka ɗauki inji mai doki 25, da 40, har sama da haka, saboda suna jan buhuna da babura da dabbobi tafiyar sa'o'i. Tun daga nan kunnen mutanenmu ya saba da cewa inji na gaske shi ne mai doki 40. Wannan ma'auni daidai ne a Kainji. Kuskuren shi ne ɗauko shi a ɗora wa jirgin roba mai mita uku da rabi.

A bayan kowane jirgin roba akwai allon da ake ɗaure inji, a jikinsa kuma akwai ɗan faranti da aka rubuta adadin mutane, da iyakar nauyi, da iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka. Mai mita biyu da rabi na mutum biyu ne ko uku, da inji doki huɗu zuwa shida. Mai mita uku da ɗan wani abu yakan ɗauki huɗu, iyakarsa wajen doki 10 zuwa 15. Mai mita 3.8 yana ɗaukar biyar zuwa shida, ya yarda da doki 25, kodayake 15 ya ishe shi a ruwan da ba ya gudu. A ganinmu nan ne tsakiyar zance ga Zariya. Jirgi mai wannan tsawo, da daɓen alminiyam da ake harhaɗawa falle-falle, nauyinsa na tsakanin kilo 70 da 90. Mutum huɗu su kama igiyoyin gefe su ratsa gonar masara da shi, idan an sace iskar kuma ya shige bayan a-kori-kura ko ma Keke Napep. Cikinsa ya isa a kwantar da mutum a miƙe a danna masa ƙirji, ga matuƙi da mai janyowa. Injin doki 15 mai gauraya fetur da baƙin mai bai wuce kilo 40 ba, ƙato ɗaya ya saɓa. Mai doki 40 yakan kai wajen kilo 70, kuma idan aka ɗaura shi a ƙaramin jirgi sai baya ya nutse, hanci ya ɗaga sama, matuƙi ya daina ganin gabansa, allon ya riƙa ɓamɓarewa daga roba a hankali. Akwai kuma tsawon ƙafar inji, wanda masu saye suka fi mantawa da shi: gajeriya inci 15, doguwa inci 20. Yawancin injunan da ke kasuwarmu na jiragen katako ne, masu doguwar ƙafa, ƙananan jiragen roba kuwa gajeriya suke so. Doguwar ƙafa a dam ɗin da laka ta cike, kamar na Kubanni, noman taɓo kawai farfela za ta yi.

Za a ce ai abin da ke kashe mutane a ruwan Arewa lodi ne, don haka babban jirgi ake buƙata. Ɓarnar lodi ba abin musu ba ce. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya tarwatse kusa da Wara a jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwambar 2021 aƙalla mutum 29, yawancinsu 'yan Islamiyya daga Badau da ke hanyar Maulidi, suka rasu a dam ɗin Watari na Bagwai. Sai dai wannan matsalar fito ce, maganinta manyan jirage na katako ko faiba, da rigunan ruwa, da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da sarakunan ruwa da za su tsaya a kan ƙa'idar lodi da hana tafiyar dare. Jirgin roba ba jirgin kasuwa ba ne. Ƙahon sa ɗaya ko sandar babur ya isa ya gama da shi. Aikinsa shi ne isa wurin da wuri, kuma wanda ya nutse minti kaɗan gare shi. Jirage uku ƙanana a wurare uku sun fi ƙato ɗaya da ke jiran tirela a Kaduna. Da dam ɗin Alau ya ɓalle ya malale Maiduguri a Satumbar 2024, ƙananan kwalekwale ne suka iya kutsawa lungunan unguwanni suna kwaso mutane.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi, kuma daga masu kwalekwale yake zuwa: roba ba ta jure ranar ƙasarmu, ƙaya da kwano da kututture na fasa ta, alhali kwalekwalen katako kafinta ne ke gyara shi da ƙusa da kwalta. Suna da gaskiya fiye da rabi. Mai dam a bayan gidansa, wanda jirginsa zai kwana a ruwa, katako ya fi masa, ba ma ja. Amma batun fashewa an fi ƙarfafa shi fiye da kima, domin jirgin kirki ɗakunan iska uku gare shi ko fiye, kowanne da bakinsa, ɗaya ya sace sauran su riƙe. Ainihin abokin gaba zafi ne. Yadin PVC, wanda ya fi araha, idan gam ne ya haɗa shi, ɗinkinsa na sakewa bayan 'yan shekaru a ɗakin kwano, ko da ba a taɓa amfani da shi ba. Wanda aka narka aka haɗa da wuta ya fi daɗewa. Yadin da har yau ake kira Hypalon, duk da DuPont ya daina yin sa tun wajen 2010 wasu suka ci gaba, shi ke jure rana da fetur, kuɗinsa kuma ya yi sama sosai. Kowanne da nasa gam, sholishon mai faci na bakin titi ba ya kama PVC, don haka a sayo gam da ƙyallen faci tare da jirgin, ba a fafe gora ranar tafiya. Jirgin da aka hura da asubar hunturu ya yi tauri, kafin azahar iskar ta kumbura, dole a rage. Ɓera kuwa ya fi ƙaya ɓarna, musamman jirgin da aka naɗe da ƙarnin kifi a jikinsa aka jefa sito.

Saura masu cewa Galma idan ya kawo a watan Agusta ƙaramin inji ba zai iya da shi ba. Nan akwai abin sassautawa: rundunar da za ta riƙa shiga kogi mai gudu ta ɗauki doki 25 a kan jirgi mai mita huɗu, ba laifi. Fiye da haka gudun da aka samu ba ya ceto. Wanda ke janyo mutum daga ruwa a hankali yake matsowa, ta ƙasan ruwa yana fuskantar inda yake gangarowa, ya kuma cire giya kafin ya miƙa hannu, don farfela yanka take yi. A kududdufi ma sau da yawa filafili da gwangwala sun fi inji, saboda leda da kainuwa na naɗe farfela su toshe ƙofar da ruwan sanyaya inji ke shiga. Matuƙin da ya san aiki kunnensa na gaba, idonsa na waiwayen ɗan ruwan nan da ke tsartuwa daga bayan inji. Da ruwan ya ɗauke sai ya kashe injin, domin ƙaramar robar da ke tura ruwan ta cinye da yashi, minti kaɗan kuma injin ya ƙone. Ga kuma kuɗin mai: tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, bambancin injin da ke shan wajen lita bakwai a awa idan an taka shi da wanda ke shan kusan ashirin ya zama bambancin jirgin da ake atisaye da shi da wanda ake ajiyewa sai ranar masifa, ranar da kafireta ta riga ta toshe da tsohon fetur.

Tsakanin inji mai gauraya fetur da baƙin mai da wanda mansa ke zaune daban, ra'ayinmu ya rabu, kuma zamani na sauya hujjar. Na farko ya fi sauƙi a kafaɗa, ana kwantar da shi ta kowane gefe a mota, idan ya faɗa ruwa a cire fulogi a zazzage a tayar. Tsofaffin makanikan Sabon Gari da Tudun Wada da suka tashi a kan Vespa da Suzuki sun san cikinsa, haka masu gyaran ƙaramin janareta. Matasan yanzu kuwa a kan Boxer da injin ban ruwa na fadamar Galma suka koyi aiki, waɗanda duk na biyun ne, kuma shi ba ya zubar da mai a ruwan da Zariya ke sha, abin da ya kamata ya dami duk mai aiki a dam. Ga jirgin da zai zauna wuri ɗaya a dam, na biyun ya fi. Ga wanda za a riƙa jefawa a mota ana gudu da shi daga Ƙofar Kuyambana zuwa Dakace, har yanzu na farkon ne, muddin akwai mai auna man da gwangwani kamar yadda littafin injin ya ce, ba da ido ba.